Douk-Douk, wuƙar aljihu ta garin Thiers: kaifinta, aibinta da inda ta fito

Abu shida ne kacal a jikin Douk-Douk: ruwan wuƙa, mariƙi na fallen ƙarfe da aka ninke biyu, sifirin, wato tsinken ƙarfe mai danne ruwan, da ke kwance a cikin bayan mariƙin, ƙusoshi biyu da aka daddake kawunansu, sai ɗan maratayin waya a gindi. Babu katako, babu ƙaho, babu noti, babu makulli. Tun 1929 kamfanin M.C. Cognet yake ƙera ta a garin Thiers da ke tsakiyar Faransa, kuma har yau fasalinta na nan yadda yake. Wadda aka fi saye tsawonta santimita 20 ne a buɗe, 11 a naɗe, ruwanta kimanin santimita 9, nauyinta wajen giram 70. Akwai ƙarama mai santimita 16, akwai kuma babba mai 26. Saboda shafewarta, idan tana aljihun riga ba ta tokaro, ba ta kuma jan aljihun ƙasa.

Hukuncin a taƙaice shi ne wuƙar aiki ce mai sauƙin kuɗi, mai saurin kama kaifi, kuma ta ci kuɗinta. Amma tana tsatsa, ba ta kulluwa idan an buɗe ta, sannan tana cin tafin hannu a dogon aiki. Duk wanda ya san waɗannan uku kafin ya biya kuɗi ba zai yi da-na-sani ba.

A fara da ƙarfen, don a nan darajarta take. Ruwan wuƙar na asali baƙin ƙarfe ne da Faransawa ke kira XC75, wato kabon ɗin da ke cikinsa ya kai kusan kashi 0.75 cikin ɗari, kuma babu sinadarin hana tsatsa a ciki. Ba a ba shi tauri sosai ba: a ma'aunin taurin ƙarfe na Rockwell yana tsakanin 50 da 53, alhali yawancin wuƙaƙen aljihu na zamani suna haura 56. Wannan laushin ba kuskure ba ne. An yi wuƙar ne don mutumin da ba shi da kayan washi na musamman, wanda zai goga ta a kan duk dutsen da ya samu. Sakamakon abu biyu ne. Tana dakushewa da wuri idan aka sa ta a kwali, igiyar roba ko busasshen itace. Amma kuma shafa biyar zuwa goma a kan dutse ya isa ya dawo da ita ta aske gashin hannu. Ƙarfe mai tauri ƙwarai yakan ɓantale idan ya ci karo da ƙashi. Wannan kuwa lanƙwashewa bakinsa yake yi kaɗan, sai a miƙar da shi.

Gadon bayan ruwan yana da kaurin kusan milimita 3 a gindi, kuma an zaftare shi tun daga can sama har zuwa baki, ba a bar masa kafaɗa ba. Shi ya sa take ratsa albasa, tsire, kilishi ko lemo ba tare da ta tsage su ba. Tsinin a ɗage yake sama kaɗan irin na takubban Turkawa, cikin ruwan kuma yana da ɗan lanƙwasa, mai kyau wajen feraye da yankan nama a kan katako. Zanen furanni da ke jikin ruwan ado ne kawai, a saman ƙarfen yake, kuma yana gogewa da yawan wanki.

Wannan irin zaftarewa sana'ar mutanen Thiers ce tun da daɗewa, kuma ba a gane wuƙar sai an gane garin. Thiers, wanda ake furtawa Tiyer, yana gundumar Puy-de-Dôme a yankin Auvergne, kimanin kilomita 40 gabas da Clermont-Ferrand. Mutanensa kusan 12,000 ne, amma kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na wuƙaƙen da ake ƙerawa a Faransa daga nan da ƙauyukan kewaye suke fitowa. Abin mamakin shi ne ƙasar wurin ba ta da tama, ba ta kuma da dutsen washi. Ƙarfe daga wasu lardunan ake kawo shi, duwatsun ma haka. Abin da garin yake da shi guda biyu ne: dazuzzukan tsaunin Forez masu ba da gawayi, da kogin Durolle, ɗan ƙaramin kogi mai ƙarfin gudu da ke gangarowa ta cikin kwazazzabo a ƙarƙashin garin kafin ya faɗa kogin Dore. Tun ƙarni na 15 akwai shaidar maƙeran wuƙa a Thiers, tare da majema da masu yin takarda, dukkansu a kan ruwan nan suka dogara. Jima da takarda sun ja baya a ƙarni na 19, wuƙa ta rage.

A gefen kogin aka jera 'yan ɗakunan washi. Ana tare ruwa da ƙaramar madatsa, a karkatar da shi ya bugi wilin katako mai fukafukai, wilin ya juya sanda, bel ya ɗauko juyin ya kai wa dutse. Dutsen, na yashi ne, faɗinsa yakan kai mita ɗaya da rabi yana sabo. Mai washi ba ya tsayuwa kuma ba ya zama. Rub-da-ciki yake yi a kan katako da aka shimfiɗa bisa dutsen, hannuwansa a ƙasa, ya danna ruwan wuƙar da wani ɗan itacen riƙo, nauyin ƙirjinsa da kafaɗunsa duka suna kan aikin. Haka zai wuni, ruwan sanyi na fantsamo masa, a cikin kwarin da rana ba ta cika shiga ba. Da hunturu yakan sa karensa ya kwanta masa a kan ƙafafu don ɗumi. Taɓon dutsen da ke ɓata musu gaban riga shi ya sa ake yi musu laƙabi da masu rawayan ciki. Ƙurar dutsen tana cinye huhu, sanyin yana kama gaɓoɓi, kuma idan dutse mai tsaga a ciki ya tarwatse yana cikin gudu, mutumin da ke kwance a kansa ba kasafai yake tsira lafiya ba. Duk da haka su ne masu ji da kai a cikin ma'aikatan garin, domin ba su da ubangida ɗaya, hayar wurin kwanciyarsu suke biya, kuma babu wuƙar da za ta fita kasuwa ba ta bi ta hannunsu ba.

Dalilin yin washi da ruwa ya shafi duk mai riƙe da irin wannan wuƙa. Bayan an gasa ƙarfe an tsoma shi ya yi tauri, zafi mai yawa yana warware taurin. Bakin wuƙa siriri ne, nan da nan yake ɗaukar zafi. Busasshen dutsen inji, irin wanda ke tartsatsi, yana iya ƙona shi cikin daƙiƙa kaɗan. Da zarar ka ga bakin ko tsinin ya yi shuɗi-shuɗi, wurin ya mutu, ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye shi an kai ga lafiyayyen ƙarfe. Saboda haka kada a miƙa Douk-Douk ga mai injin washi na lantarki. Ban da ƙonewa, injin zai cinye mata ruwa na shekaru a zama ɗaya.

Wasa ta da hannu ba shi da wuya. A samu dutsen washi na ruwa mai lamba 1000, wato mai matsakaicin laushi, a jiƙa shi minti goma har ya daina fitar da kumfa. A kwantar da ruwan wuƙar a kai, sannan a ɗaga gadon bayan kimanin milimita 5 zuwa 6 daga dutsen, wato kusurwar digiri 15 zuwa 20 a kowane gefe. Wanda bai saba ba ya shafa wa bakin maka baƙa tukuna: idan ya goga sau biyu ya ga tawadar ta fita daga kan bakin daidai, kusurwarsa ta yi, idan ta fita daga sama ta bar bakin, ya kwantar da yawa, idan siririn layi kawai ya fita a can ƙarshe, ya ɗaga da yawa. A riƙa turawa daga gindi zuwa tsini, kuma idan an zo inda ruwan ya lanƙwasa a ɗan ɗaga mariƙin, in ba haka ba tsinin ba zai taɓa dutse ba, sai a ƙare da wuƙa mai kaifi a tsakiya, dakusasshiya a gaba. A ci gaba a gefe ɗaya har sai yatsa ya ji wani siririn leɓen ƙarfe ya juyo ta ɗaya gefen, tun daga gindi har tsini. Nan ne yawancin mutane ke kuskure, suna juya wuƙa kafin leɓen ya fito, su wuni suna guga babu kaifi. Idan ya fito a juya, a yi wa ɗaya gefen haka, sannan a riƙa shafa ɗaya nan ɗaya can da hannu sakwa-sakwa har leɓen ya karye. A ƙarasa a bayan bel ɗin fata, ana jan wuƙar baya-baya, bakin yana bin sawu. Idan babu dutse a kusa, da'irar da ba ta da sheƙi a gindin kofin tangaran tana yin aikin gyaran baki sarai, don ƙarfen mai laushi ne.

Tsatsa kuwa sai an yi haƙuri da ita. A ranar farko da aka yanka albasa, tumatir ko ɗanyen mangwaro, ruwan wuƙar zai fara canja launi zuwa toka-toka ko baƙi-baƙi, kuma abin da aka yanka yana iya ɗaukar ɗan ƙarnin ƙarfe. Wannan launin ba lalacewa ba ne, kariya ce, kuma idan ya zauna ƙarnin yakan tafi. Kada a kankare shi. Abin gudu shi ne jar tsatsa, wadda ke fitowa idan an naɗe wuƙar da danshi ko an bar ta a aljihu mai gumi. Da damina kwana ɗaya ya isa. Idan ta fito, a goge da toka mai laushi da ɗan tsumma mai danshi, a busar, a shafa mai. Mariƙin ma baƙin ƙarfe ne da aka yi wa baƙin rini irin na bindiga. Rinin yana kodewa a gefuna da inda yatsu ke zama, kuma daga nan tsatsa ke kama shi. Inda aka fi mantawa shi ne cikin ramin mariƙin, inda ruwan wuƙar ke kwanciya. Ruwa yana maƙalewa a can kusa da sifirin. Bayan wanki a buɗe wuƙar rabi, a kakkaɓe, a zura tsinke da ɗan ƙyalle, a bar ta a buɗe ta sha iska. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki ya isa a mahaɗa. A kan ruwan da zai taɓa abinci kuwa farin man ma'adini irin na kantin magani ya fi. Man gyaɗa yana yin aikin na ɗan lokaci, amma idan ya daɗe yakan yi danƙo ya yi wari. Kamfanin yana yin wata mai ƙarfe mara tsatsa, har da masu mariƙi kala-kala. Ga mai zama a bakin teku ko wanda ya san ba zai kula da ita ba, ita ta fi. Amma ba ta saurin kama kaifi kamar ta asali, kuma wannan saurin shi ne rabin dalilin sayen Douk-Douk.

Sifirin nata yana da ƙarfi ƙwarai, kuma shi kaɗai ke riƙe ruwan a buɗe. Babu tsagar farce a jikin ruwan. Kama shi ake yi da babban yatsa da manuni a ja. Da jiƙaƙƙen hannu ko mai maiƙo yana sulɓewa. A tsakiyar hanya, inda ruwan ya yi kusurwa da mariƙi, yana tsayawa cak, kuma wannan tsayawar ce ke ba mutum damar janye yatsunsa kafin ya ƙarasa rufewa. Kada a sake shi ya faɗa da kansa, a raka shi da hannu, don bakin yana iya bugun cikin mariƙin ya sami tabo. Sabuwa takan zo da ɗan gurzawa a mahaɗa saboda ragowar ƙurar masana'anta: a zuba mai, a buɗe a rufe sau da yawa, a goge baƙin da ke fitowa har ya daina. Kaifin da take zuwa da shi daga masana'anta ma ba ɗaya ba ne, wata ta zo da shi sosai, wata sai an taɓa ta.

Tunda babu makulli, duk aikin da zai danna bayan ruwan ko tsininsa haɗari ne. Ba a soka ta a abu mai tauri, ba a huda da ita ana murzawa, ba a ɓamɓare murfin gwangwani da ita. Ɓamɓara tana jawo wata matsalar kuma: mariƙin falle ne, idan aka matsa ruwan gefe sai leɓunansa su buɗe, ruwan ya fara girgiɗi. Tunda ƙusa ce ba noti ba, gyaran shi ne a buɗe wuƙar, a ɗora kan ƙusar a kan uwar maƙera ko wani dunƙulen ƙarfe, a ɗan bubbuga ɗaya kan da ƙaramar guduma. Bugu biyu, a gwada; bugu biyu, a gwada. Idan aka zarce, ruwan zai cije, kuma sassauta ƙusar da aka matse ya fi matse ta wuya nesa ba kusa ba.

Ba wuƙar yankan dabba ba ce. Santimita 9 ya yi gajere ga wuyan rago, kuma wuƙa mai naɗewa ba ta da wurin zama a aikin da ake son a gama da jan hannu ɗaya don sauƙaƙa wa dabba. A fiɗa tana iya taimakawa, amma kitse da jini suna cika ramin mariƙin, ƙarfen kuma ya yi santsi. A dogon aiki kamar sassaƙar itace, siririn mariƙin yana nutsewa a tafin hannu, bayan kwata ɗaya na awa za a ji shi. A nan Opinel, wata wuƙar aljihu da ake yi a yankin Savoie na Faransa, ta fi ta: mai lamba 8 tana da ruwa santimita 8.5, mariƙin katako mai cika hannu, da zoben kullewa da aka ƙara mata tun 1955. Sai dai katakon Opinel yana kumbura idan ya sha ruwa har ruwan wuƙar ya ƙi fitowa, kuma tana tokare aljihu. Douk-Douk ba ta san wannan ba.

Hoton da ke jikin mariƙin shi ne abin da mai saye daga ƙasashenmu ya kamata ya duba da kyau. Gaspard Cognet ya tsara wuƙar ne don kasuwar tsibiran Melanesiya da ke tekun Pasifik, ya kuma buga mata siffar wani dodo mai dogon hula da rigar ganye, na wata ƙungiyar asiri ta mutanen tsibirin New Britain, wadda daga gare ta sunan ya fito. A can kasuwar ba ta karɓe ta ba. Sai aka juya da ita Arewacin Afirka, inda ta samu shiga ƙwarai, daga nan ta bi 'yan kasuwa da sojoji zuwa sauran ƙasashen da Faransa ta mallaka a nahiyar. Don masu saye Musulmi waɗanda ba sa son siffar halitta a kayansu, kamfanin ya fitar da wani samfurin mai suna El Baraka: mariƙinsa fari ne mai rufin nikel, kuma a maimakon dodon an zana alamar nan ta Agadas da maƙeran Abzinawa ke yi da azurfa. Har yanzu ana yin sa. Ga wanda zai riƙa shiga masallaci da wuƙa a aljihu, ko wanda hoton dodon bai kwanta masa ba, El Baraka ce zaɓi, kuma rufin nikel ɗin ya fi baƙin rini jure gumi. Akwai kuma Tiki mai siffar gunkin Polinesiya, da wata mai hoton kurege da aka yi wa kasuwar cikin Faransa. Tarihin wuƙar yana da ɓangare mai ɗaci: a yaƙin neman 'yancin Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962, an yi amfani da ita a matsayin makami, har hukumomin Faransa suka hana shigar da ita ƙasar.

Wuƙa mai arha da aka yi don kasuwar nesa ba baƙon abu ba ne a Thiers, hasali ma a kan haka garin ya ginu. Tun kafin zuwan manyan injuna an rarraba aikin gunduwa-gunduwa: wani ya ƙera ruwa, wani ya ba shi tauri, wani ya wasa, wani ya goge ya yi sheƙi, wani ya yanka mariƙi daga ƙaho, ƙashi ko itace, wani ya harhaɗa. Mai kamfani sau da yawa ba shi da babbar masana'anta, odar yake karɓa ya raba. Masu harhaɗawa da yawa manoma ne a ƙauyukan tudu irin su Saint-Rémy-sur-Durolle, Celles-sur-Durolle da Viscomtat, suna yi a gida musamman da hunturu idan gona ta rufe, a sauko gari da kayan da aka gama a koma da sababbi. A 1582 aka kafa wa ƙungiyar maƙeran dokokinta, kuma kowane maƙeri sai ya buga tambarinsa a kan wani allon dalma, daga baya na azurfa, don kada wani ya saci sunan wani. Zuwa 1855 mutum kusan 25,000 ne ke cin abinci a sana'ar a garin da kewayensa. Wannan tsari shi ya sa Thiers take iya yi wa kowa irin wuƙarsa. Yawancin wuƙaƙen da ke ɗauke da sunayen wasu yankunan Faransa a nan aka riƙa yin su. Laguiole ma, wadda sunanta na wani ƙauye ne a Aveyron, a Thiers aka yi mafi yawanta a tsawon ƙarni na 20. Sunan Sabatier da ke kan wuƙaƙen girki a duniya shi ma daga nan ya tashi.

Garin ya daɗe yana yi wa wasu suna, shi ba a san nasa ba. Sai a 1994 wata ƙungiyar maƙera ta fitar da wuƙa mai sunan garin, Le Thiers. Fasalin ɗaya ne, mariƙi mai ɗan lanƙwasa biyu, amma kowane maƙeri yana yin tasa da kayan da ya zaɓa, bisa sharaɗin a yi ta a yankin, kwamitin ƙungiyar ya duba ta, a buga mata harafin T da sunan wanda ya yi. Wanda yake son wuƙar kyauta ko ta ado, mai mariƙin ƙaho ko itacen zaitun, ita zai nema, kuma wannan tambarin ya fi siffar ƙudan zuma da ake sa wa Laguiole zama shaida, don kasuwa cike take da masu ƙudan zuman da aka yi a Asiya. Sai dai kuɗinta ya ninka na Douk-Douk sau biyu, sau uku, wata sau goma, kuma a yankan albasa ba za ta fi ta ba.

Wanda tafiya ta kai shi Faransa, zuwa Thiers ya cancanci wuni guda. Daga Clermont-Ferrand jirgin ƙasa bai kai awa ɗaya ba. A sa takalmin da ba ya santsi, don garin a maƙale yake a jikin tudu, lunguna masu hawa da matakala. A tsohon gari akwai gidaje masu ginshiƙan katako a fili, mafi shahara shi ne Château du Pirou na wajen 1410. Gidan tarihin wuƙa, wanda aka buɗe a 1982, yana titin Rue de la Coutellerie a gine-gine biyu, ɗaya na tarihin sana'ar, ɗaya kuma mai ɗakunan aiki inda ake nuna washi da harhaɗawa a gaban baƙi, ga tarin wuƙaƙen alfarma. Kantunan wuƙa suna nan a jere, kuma a wasu wuraren ana ba baƙo sassa ya harhaɗa tasa da hannunsa a ƙarƙashin kulawar maƙeri. Idan da hali a zo a watan Mayu, lokacin bikin Coutellia da ke tara maƙera daga ƙasashe da dama, amma a kama masauki da wuri don garin ƙarami ne.

Amma kantuna da gilasan nuni ba su ne garin ba. A sauka kwarin. A ƙasan gari akwai Vallée des Usines, wato kwarin masana'antu, inda masana'antun ƙarni na 19 suke tsaye a bakin ruwa, bango ya haɗu da dutse, rugugin ruwa ya cika kunne. Da lantarki ya zo, babu sauran dalilin zama a ramin, sai kamfanoni suka koma fili da ƙauyuka, aka bar gine-ginen. Ɗaya daga cikinsu, Creux de l'Enfer, ya daina aiki a 1956, a 1988 aka mai da shi cibiyar zane-zanen zamani. Wasu kuma suna nan tagogi a farfashe. 'Yan kilomitoci sama da nan sai Vallée des Rouets, kwarin ɗakunan washi, wanda ake buɗewa a watannin zafi kawai. A can ne ɗakin Georges Lyonnet yake, mai washi na ƙarshe a kwarin, wanda ya yi aiki har 1976, kuma har yanzu ana sakar wa wilinsa ruwa ya juya don baƙi su gani. Sauran ɗakunan kufai ne a cikin daji, ga gutsattsarin duwatsun washi a yashe a gefen hanya. Wanda ya tsaya a nan ya ji sanyin wurin ko da rani, zai san abin da arhar wuƙaƙen Thiers ta ci.

Kada a zaci za a tarar da gari mai walƙiya. Gasar wuƙaƙe masu arha daga Asiya ta rufe masana'antu da yawa, mutane sun ragu, kuma a tsakiyar tsohon gari akwai kantuna a garƙame da gidajen da ba kowa. Gari ne na ma'aikata, cikinsu har da zuriyar waɗanda suka zo daga Turkiyya da Arewacin Afirka neman aikin ƙarfe. Kamfanonin da suka rage galibi ƙanana ne na iyali, sun koma yin kaya masu inganci a maimakon masu yawa, wasu kuma sun juya ga yi wa wasu masana'antu sassan ƙarfe da roba.

Douk-Douk mai santimita 20 ana samunta a wajen Yuro 30, wato kusan jika 20 na sefa, ƙaramar ta ɗan gaza haka. Akwai jabu a kasuwa, don haka a saya a kantin wuƙa da aka sani, a gwada sifirin: na gaske yana da tauri, yana tsayawa a tsakiya, kuma ruwan ba ya girgiɗi gefe. Idan an saya a Faransa a bar ta a ƙunshe da rasiɗinta a cikin jaka, domin dokar ƙasar ta hana yawo da wuƙa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. A filin jirgin sama kuma a babban akwatin da za a auna ake sa ta, ba a jakar hannu ba, kuma a shafa mata mai a naɗe ta a takarda kafin tafiyar.